Kwamfuta uku a gida ɗaya: yadda musayar fayil ta tsaya a wani gida a Zariya, da yadda aka sake gina ta

Gidan da wannan nazari ya shafa gidan kawuna ne a Zariya, malamin makaranta da ya kusa yin ritaya, kuma al'amarin ya faru ne tsakanin ƙarshen daminar 2018 da shigowar sanyin shekarar. Kwamfuta uku ce a gidan. Ta farko tsohuwar kwamfutar girke ce mai Windows 7, tana zaune a kusurwar falo da firinta a gefenta, kuma a cikinta ake tara duk abin da gidan ba ya son ya rasa: hotunan biki da na suna, kwafin takardun filaye, takardun shaidar karatun yara, da tambayoyin jarrabawa da Kawu ya yi shekara da shekaru yana shiryawa. Ta biyu ita ce ta tafi-da-gidanka da Kawu ke zuwa makaranta da ita, ta uku kuma ta babbar 'yarsa ce, wadda a lokacin take rubuta kundin kammala digiri. Waɗannan biyun duk Windows 10 ke kansu. Abin da ya haɗa su ita ce wata rauta, wato na'urar da ke raba intanet da haɗa na'urorin gida, mai ɗaukar layin waya, wadda ke da ramuka huɗu na kebul da rami guda na USB, inda aka maƙala wani faifan ajiya cike da tafsirin azumi da karatuttukan malamai.

Ba don ƙawa gidan ya fara musayar fayil tsakanin kwamfutocin ba. Kafin nan da filash ake yawo, kuma duk filash ɗin da ya je shagon buga takardu ya dawo, sai an same shi da cutar nan da ke ɓoye folda ta bar inuwarta, har ta kai Kawu ba ya yarda a saka kowane filash a kwamfutar falo. Tura fayil ta intanet daga wannan ɗaki zuwa wancan kuwa asarar data ce, domin sai an biya kuɗin ɗora shi, a sake biyan na sauke shi. Babban ɗan gidan ne ya haɗa musu HomeGroup kafin ya bar gari, wato tsarin da kamfanin Microsoft ya shigo da shi tare da Windows 7 a shekarar 2009, inda kwamfuta guda ke fitar da kalmar sirri mai haruffa da lambobi goma, duk wadda aka shigar mata da ita sai ta riƙa ganin hotuna da takardu da firintar sauran. An rubuta kalmar a bayan wani kalanda, aka manta da ita, aiki kuma ya yi ta tafiya kusan shekara uku ba tare da wani a gidan ya san abin da ke gudana a ƙarƙashi ba.

Ranar da abin ya tsaya

Alamomin da suka bayyana ba iri ɗaya ba ne, kuma wannan ne ya rikita kowa. A kwamfutar Kawu, alamar HomeGroup ta ɓace daga gefen taga, amma yana iya buɗe faifan da ke jikin rauta ya saurari tafsirinsa kamar kullum. Idan ya danna sunan kwamfutar falo sai ta nemi suna da kalmar sirri, ya rubuta sunan da yake shiga da shi, ya bar gurbin kalmar sirri fanko tun da bai taɓa saka mata wata ba, ita kuma ta ƙi. A kwamfutar ɗalibar kuwa babu abin da ake gani ko kaɗan, ba kwamfutar falo, ba faifan rauta, ba firinta, alhali intanet na aiki lafiya lau. Kawu ya ɗora laifin a kan rauta, Hajiya ta ɗora a kan yara, ɗalibar kuma ta ce kwamfutar falo ce ta tsufa.

Daga baya bincike ya nuna matsala uku ce daban-daban suka faɗo a lokaci guda. Ta farko, sabuntawar Windows 10 mai lamba 1803, wadda ta fito a ƙarshen watan Afrilun 2018, ta cire HomeGroup gaba ɗaya. Ba ta iso gidan da wuri ba, saboda an saita kwamfutocin kada su ci data, sai da Kawu ya haɗa tasa da intanet ɗin wurin aiki, ɗalibar kuma da na makaranta. Foldar da aka buɗe tun farko tana nan a buɗe a kwamfutar falo, abin da ya tafi shi ne hanyar da ke gabatar da kwamfutocin ga juna a ɓoye. Da wannan ta kau, sai kwamfutar falo ta koma tambayar duk wanda ya zo shi wane ne, kuma ƙa'idar Windows ce tun da daɗewa cewa asusun da ba shi da kalmar sirri ba a shiga da shi ta sadarwa, sai dai mutum ya zauna a gaban kwamfutar da kansa.

Ta biyu ta fi ban sha'awa. Yaren da kwamfutocin Windows ke musayar fayil da shi ana kiransa SMB. Wani injiniyan kamfanin IBM mai suna Barry Feigenbaum ne ya fara tsara shi a shekarar 1983, Microsoft ta ɗauka ta faɗaɗa, sannan ta sake masa gini da zubi na biyu a Windows Vista, ta kawo na uku tare da Windows 8 a 2012. Daga sabuntawa mai lamba 1709 ta watan Oktoban 2017, Windows 10 ta fara janye jiki daga zubi na farko, kuma a kwamfutocin gida an tsara cewa idan aka yi kwana 15 ana amfani da kwamfuta ba a taɓa wannan tsohon yare ba, zai cire kansa da kansa. Rautar gidan da zubi na farko kaɗai take iya magana. Kawu kusan kullum yana buɗe faifan tafsiri, don haka nasa bai cire kansa ba, ita kuwa ɗalibar ta yi makonni a ɗakin kwanan ɗalibai, ta dawo gida da kwamfutar da ta manta yaren rauta.

Ta uku ƙarama ce. Windows na raba kowace sadarwa gida biyu, ta jama'a kamar ta otal ko filin jirgi, da ta gida, kuma a ta jama'a kwamfuta na ɓoye kanta, ba ta neman kowa, ba ta amsa wa kowa. Ɗalibar ta taɓa goge sunan Wi-Fi ɗin gida ta sake shiga, aka tambaye ta ko tana son wasu na'urori su gan ta, ta ce a'a, wanda a makaranta shi ne daidai.

Gyaran farko

Ba ni aka fara kira ba. Wani matashi mai gyaran kwamfuta a kasuwa aka ɗauko, kuma cikin awa guda ya sa komai ya dawo. Ya kashe sharaɗin kalmar sirri a kwamfutar falo, ya buɗe ɓangaren faifai na biyu ɗungurungum, wanda Windows ke kira D, ya ba rukunin da ke nufin kowa da kowa cikakken iko a kansa, wato karantawa da canzawa da gogewa. Ya kashe katangar tsaro, wato manhajar da ke tantance abin da zai shigo kwamfuta ta sadarwa, a kwamfuta ukun, ya maido da tsohon zubin SMB a ta ɗalibar, sannan ya ɗaura faifan falo a kowace kwamfuta da harafin Z, ta yadda yake bayyana kusa da faifan kwamfutar kamar nata ne. Ban ga dalilin zarginsa da yawa ba. An ce masa ana so kwamfutoci su ga juna, ya sa sun ga juna, kuma babu wanda ya zaunar da shi ya gaya masa cewa takardun filaye ba na kowa ba ne. Amma abin da ya yi daidai yake da a ce makullin ɗaki ɗaya ya ƙi buɗewa, sai a cire ƙyauren zaure da na kowane ɗaki a jingine a bango.

Aibi na farko ya bayyana cikin kwana biyu. Da adireshin lamba ya ɗaura faifan, 192.168.1.102, alhali rauta ce ke raba waɗannan lambobi ga duk na'urar da ta shigo, kuma wannan rautar ba ta tuna wanda ta ba wace lamba idan ta mutu ta tashi. Da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, wayar Hajiya ta riga shiga ta karɓi 102, kwamfutar falo ta samu wata lambar, harafin Z ya fito da jan alama. A gari irin namu da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, wannan ya zama caca, wani lokaci a dace, wani lokaci a kashe rauta a kunna har sai an dace.

Aibi na biyu shi ne ya sa aka kira ni. Bayan kamar mako uku, autan gidan ya ɗauki kwamfutar yayarsa yana son saka wasa, ta ce masa wuri ya cika. Ya duba ya ga faifan Z maƙare da hotuna, ya ɗauka su ne suka cinye wurin, ya zaɓi foldar bikin babban yayansu da wasu biyu ya goge. Windows ta tambaye shi ko ya tabbata yana son gogewa har abada, ya amsa da e, kamar yadda yara da manya ke amsa irin wannan tambaya ba tare da karantawa ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, fayil ɗin da aka goge ta sadarwa ba ya zuwa kwandon shara, ba na kwamfutar da aka goge daga cikinta ba, ba na wadda fayil ɗin ke zaune a cikinta ba. Sai bayan kwana huɗu Hajiya ta nemi hotunan za ta nuna wa wata baƙuwa.

Da na iso, Kawu ya tare ni tun daga ƙofa ya ce, "Ɗana, ka duba mana, in da abin da za a iya cetowa." Na ce, "To Kawu, amma daga yanzu kada kowa ya ajiye komai a kwamfutar nan." Dalili kuwa shi ne, gogewa ba ta share abin da ke kan faifai nan take, tana dai sanar da cewa wurin ya zama fili, duk sabon abin da aka ajiye yana iya hawa kansa. Na zare kebul ɗin sadarwa, na fara duba tsofaffin kwafin da Windows 7 ke ajiyewa da kanta, sai na tarar wannan kariya a kan ɓangaren C kaɗai take aiki, wato inda Windows kanta ke zaune, kamar yadda take zuwa daga kamfani, hotunan kuma a D suke. Da manhajar ceto fayil aka dawo da mafi yawansu zuwa wani faifai na daban. Waɗanda aka yi rashin sa'a su ne na ranar ɗaurin aure, domin a cikin kwana huɗun nan Kawu ya juye bidiyon wani taro a ɓangaren, wasu hotunan suka dawo rabi hoto rabi toka. An cike giɓin da abin da 'yan'uwa suka taɓa samu ta WhatsApp, waɗanda an riga an matse su, ba su kai a wanke su a manna a bango ba.

Ina cikin wannan aiki na buɗe shafin rauta don in ga na'urorin da ke kanta. Na gidan bakwai ne idan aka haɗa da wayoyi, amma goma sha ɗaya na gani. Kalmar sirrin Wi-Fi ta daɗe da fita, ta hannun abokan autan da ɗaliban da ke zuwa wurin Kawu darasin yamma. Babu wata shaida da ke nuna wani ya taɓa komai, amma tsawon mako uku duk wanda ya tsaya a bakin katanga da waya yana da ikon buɗe takardun filayen Kawu, ya kwafa ko ya goge.

Batun tsohon yare

A nan ne muka ɗan yi jayayya da Kawu, domin a ganinsa abin da ke aiki ba a taɓa shi. Sai na ba shi labarin abin da ya faru ranar 12 ga Mayun 2017, lokacin da manhajar garkuwa da fayil mai suna WannaCry ta bazu a duniya ta wata ɓaraka da ke cikin zubin SMB na farko, tana kulle fayiloli tana neman dala 300 da kuɗin bitcoin. Hukumar 'yan sandan Turai ta ƙiyasta cewa ta shafi kwamfuta sama da 200,000 a ƙasashe 150, kuma a Ingila sai da asibitocin gwamnati da dama suka soke ganin marasa lafiya. Microsoft ta riga ta fitar da maganin ɓarakar tun ranar 14 ga Maris na shekarar, kusan wata biyu kafin harin, waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba, kuma mafi yawansu Windows 7 suke amfani da ita.

Gaskiyar magana, kwamfutar gida ba ta cikin hatsari irin na asibiti ko kamfani, domin rauta ba ta barin baƙo daga intanet ya ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 445, wadda SMB ke saurare a kanta, sai in wani ya buɗe da gangan. Hatsarin gida daga ciki yake zuwa. Ya isa a ce kwamfutar wani ɗalibi mai ɗauke da cutar ta shiga Wi-Fi ɗin gidan, domin irin wannan manhaja da kanta take laluben maƙwabtanta. Da na duba kwamfutar falo kuwa, rabonta da sabuntawa tun 2016, saboda tsimin data, ga katangar tsaro a kashe. Wannan ne ya sa Kawu ya yi shiru, ya ce a yi abin da ya dace.

Ita rautar ba ta da laifin kanta. Yawancin irin waɗannan na'urori da manhajar Samba suke raba faifai, wadda Andrew Tridgell ya fara rubutawa a Ostareliya a ƙarshen 1991 don kwamfutocin da ba na Windows ba su iya wannan yare. Samba ta samu cikakken zubi na biyu tun fitowarta mai lamba 3.6 a 2011, sai dai na'urori masu araha da yawa sun ci gaba da fitowa da tsohuwar. Na nemi sabuwar manhajar rautar ban samu wadda ta canza wannan ba, don haka aka cire faifan tafsiri daga jikinta aka mayar da shi jikin kwamfutar falo, wadda ke iya zubi na biyu.

Sake gini

Kafin in taɓa wani saiti, mun zauna da Kawu da Hajiya da ɗalibar da takarda da biro, kuma a ganina wannan zaman shi ne ainihin aikin. Tambaya ɗaya na yi ta maimaitawa a kan kowane tarin fayil: wa ya kamata ya gani, wa kuma ya kamata ya iya canzawa? Bahaushe bai buƙatar a koya masa wannan, tun da gidansa ma haka yake a tsare, akwai zaure da baƙo ke zama, akwai tsakar gida ta iyali, akwai ɗakin da ba a shiga sai da izini. Folda huɗu muka fitar. Ta farko muka sa mata suna Zaure, kowa na gidan na iya ajiyewa da ɗauka da gogewa, kuma an yi sharaɗi cewa ba ma'ajiya ba ce, wurin miƙa saƙo ne. Ta biyu Hotuna, haɗe da karatuttuka, kowa na gani amma Kawu da Hajiya kaɗai ke iya ƙarawa ko cirewa. Ta uku ta kundin ɗalibar ce, ita kaɗai. Ta huɗu Takardu, ta Kawu shi kaɗai, kuma takardun filaye ko a nan ba a bar su ba, an mayar da su wata folda da ba a buɗe wa sadarwa ba sam.

Daga nan aka buɗe wa kowane mutum asusu da sunansa da kalmar sirrinsa a kwamfutar falo, yara kuma aka haɗa musu guda ɗaya mai ƙaramin iko, aka maido da sharaɗin kalmar sirri, aka rufe ɓangaren D da aka buɗe gaba ɗaya. Wurin da ya fi cin lokaci shi ne izini, domin a Windows hawa biyu ne. Akwai izinin da ake bayarwa a kan ƙofar da aka buɗe wa sadarwa, akwai kuma izinin da ke manne da foldar kanta a kan faifai mai tsarin NTFS, kuma idan suka saɓa, wanda ya fi tsanani shi ke aiki. Na ba Hajiya ikon rubutu a hawa na farko na manta da na biyu, ta yi ta ƙoƙarin ajiye hoto ana ce mata ba ta da izini, sai da na koma na gyara. Hanyar da ta fi sauƙin riƙewa ita ce a sassauta hawa na farko ga masu asusu, a yi duk tantancewar a hawa na biyu, don kada mutum ya riƙa bin wuri biyu duk lokacin da zai canza abu.

Aka kunna katangar tsaro a kwamfuta ukun, aka saita Wi-Fi ɗin gida a matsayin sadarwar gida, wanda hakan da kansa yake buɗe ƙofofin da musayar fayil ke buƙata ba tare da an rushe katangar ba. Aka sayi data ta musamman aka sabunta kwamfutar falo dare guda, sannan aka kashe tsohon zubin SMB a cikinta ta rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitocinta na ciki, aka cire shi daga sauran biyun. A shafin rauta aka keɓe wa kwamfutar falo lamba 192.168.1.10 ta dindindin, aka ɗaure ta da lambar katin sadarwarta, ta yadda ko sau nawa aka ɗauke wuta ita za ta samu. Aka canza mata suna daga dogon sunan da ta zo da shi zuwa FALO, domin irin wannan suna bai kamata ya wuce haruffa 15 ba, kuma gajere ya fi daɗin rubutawa. Yanzu duk wanda jerin sadarwa ya ƙi nuna masa komai, abin da yakan faru lokaci-lokaci, sai ya rubuta \\FALO a saman taga, in ta ƙi ya rubuta \\192.168.1.10. Ban sake ɗaura wa kowa harafin Z ba sai Kawu, saboda abin da ya faru da autan, da kuma cewa manhajojin garkuwa da fayil kan bi duk faifan da aka ɗaura su kulle shi tare da na kwamfutar.

Kalmar sirrin Wi-Fi aka canza, aka kunna sadarwar baƙi da rautar ke da ita tun asali ba wanda ya lura. Wanda ya shiga ta nan yana samun intanet amma ba ya ganin kowace na'ura ta gidan, kuma ita ake ba ɗaliban darasin yamma.

Sai batun gudu, wanda ya zo da darasinsa. Ana buƙatar juye kimanin gigabait 40 daga kwamfutar Kawu zuwa ta falo. Ya fara ta Wi-Fi, abin na tafiya da kamar megabait 3 a daƙiƙa, lissafi ya nuna kusan awa huɗu, ga shi yana ta fargabar datarsa za ta ƙare. Sai da na zare layin waya daga rautar a gabansa, ya ga juyewar ba ta tsaya ba, sannan ya yarda cewa abin da ke yawo tsakanin kwamfutocin gida ba ya fita waje, balle a caje shi. Muka saka kebul. Ramukan rautar na megabit 100 ne, kuma tun da bit takwas ke yin bait ɗaya, abin da ake samu a zahiri bai wuce megabait 11 zuwa 12 a daƙiƙa ba, aikin ya ƙare cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Da ramukan na gigabit ne, da bai fi minti goma ba, in faifan ya iya bin gudun.

Ba komai ne ya fi na da ba, kuma ya kamata a faɗa. Rauta ƙaramin batir ke riƙe ta awanni bayan an ɗauke wuta, kwamfutar girke kuwa sai da wuta ko janareta, don haka faifan tafsiri da a da ake samu dare da rana ya koma sai kwamfutar falo na kunne. Kawu ya yi ƙorafi a kan wannan, kuma yana da gaskiya. Maganin da aka samu shi ne a kwafa masa karatun da yake bi a wannan lokaci cikin tasa kwamfutar. An kuma kashe barcin da kwamfutar falo ke yi bayan 'yan mintuna, domin idan ta yi barci folda da firinta duk sukan ɓace. Hajiya kuwa na saka mata manhajar da ke buɗe folda ta SMB a wayarta, ta gwada sau biyu ta koma Xender da ta saba, tana tura wa ɗalibar hotuna ita kuma ta zuba su a Zaure, daga nan Kawu ya mayar da su Hotuna. Hanya ce mai zagaye, amma tana aiki, ban kuma matsa ba.

Abu na ƙarshe da aka ƙara shi ne kwafin ko-ta-kwana, domin buɗe folda ga kwamfuta uku bai mayar da ita kwafi uku ba, guda ɗaya ce ake leƙowa ta taga uku. An sayi faifai na biyu mai tsarin NTFS, tun da tsohon tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai gigabait 4, kuma bidiyon biki kan wuce haka. Duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Kawu kan maƙala shi, a juye Hotuna da Takardu da kundin ɗalibar, a zare shi a mayar cikin durowar ɗakinsa.

Tsarin ya zauna haka har zuwa lokacin da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7, ranar 14 ga Janairun 2020. A watan da ya biyo baya aka sauya kwamfutar falo da wata mai Windows 10, aka ba ta suna FALO da lamba 192.168.1.10, aka buɗe asusun kowa da suna da kalmar sirrin da ya saba, aka juye folda huɗun daga faifan durowa aka maimaita izininsu. Tangarɗa ɗaya aka samu: Kawu ya saba buɗe sabuwar kwamfutar da gajeriyar lambar PIN, ya yi ta rubuta ta daga ɗaya kwamfutar ana ƙi, domin wannan lamba a kan na'urar da aka ƙirƙire ta kaɗai take aiki, sadarwa cikakkiyar kalmar sirri take nema. Takardar da muka zana folda huɗun a kanta tana nan manne a gefen teburin falo, da suna da lambar kwamfutar a ƙasanta, ban da kalmomin sirri. Foldar Zaure kuwa, duk da sharaɗin da aka yi, takan cika da abin da ba wanda ya yarda nasa ne, sai Kawu ya ba da sanarwar kwana uku kafin ya share ta.